Ci Uku da Nema: Ismaila Mabo da Lokacin Kiran Ƙaddara

Ismaila Mabo ya rasu a Jos ranar Litinin 13 ga Maris, 2023, yana da shekara 78, ana saura kimanin kwana goma a kama azumi. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Da aka zo ambaton abin da ya bari, a rediyo da jaridu da majalisun masu hirar ƙwallo, kusan kowa abu guda ya fara ɗaukowa: karawar da 'yan matan Najeriya suka yi da Birazil a gasar cin kofin duniya ta 1999, lokacin yana kocinsu. Wasan nan kuwa ba mu ci shi ba. An tashi 4 da 3, aka fitar da mu. Ga mutum ya ɗauki kofin Afirka da hannunsa, amma ranar da ta fi zauna wa mutane a rai game da shi ranar faɗuwa ce.

Wannan ya jefa ni cikin wata tambaya da ta girmi ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Mun yi imani cewa samu da rashi, nasara da faɗuwa, duk rubutattu ne. To in haka ne, da me za a auna aikin mutum? Kuma a wane lokaci ne ya dace bawa ya ce "haka Allah Ya ƙaddara" ya sauke hannu? Lissafi nake koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma babu kalmar addini da nake ji a bakin iyaye da ɗalibai kamar ƙaddara. Na ga inda ta raya zuciya, na ga inda ta kashe ta. Rayuwar Mabo ce ta fito mini da bambancin a fili.

A Jos aka haife shi a 1944, garin kuza, inda haƙar ma'adinai ta tara Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe a unguwanni maƙwabta, ƙwallo kuma ta zama abin da ke haɗa kowa da yamma. Mai tsaron baya ne. Ya buga wa Najeriya, amma mu da muka tashi a garin da rigar Mighty Jets muka san shi, ƙungiyar da Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, zamanin su Sam Garba Okoye. Su ne suka fara ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1972. Sai dai akwai kofin da ya gagare su, wato Kofin Ƙalubale. A 1972 ɗin sun kai wasan ƙarshe da Bendel Insurance a Legas, aka zura musu biyu, suka farke duka biyun dab da tashi, aka sake wasan a Ibadan, aka doke su 3 da 2. A 1974 suka sake kaiwa, Rangers ta Inugu ta hana su. Tun kafin su ma ƙungiyoyin Jos sun sha zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, har magana ta bazu a gari cewa baki aka yi mana. Kofin bai shigo Jos ba sai a 1999, a hannun Plateau United.

Ina yaro nakan ji manya a teburin mai shayi suna cewa, "Ai ba rabonmu ba ne, ko an je ba za a ci ba." Amma kowace shekara 'yan wasan sai su koma atisaye, su sake farawa daga zagayen farko. Masu cewa ba za a ci ba a kan benci suke zaune da kofin shayinsu. Waɗanda ake dokewa ɗin su ne ba su daina zuwa ba. A wannan makaranta Mabo ya yi karatunsa. Ga shi kuma matsayin da yake bugawa na masu aikin da ba a gani ne. Mai tsaron baya in ya yi aikinsa da kyau, babu abin da za a rubuta, domin ƙwallon da ya hana shiga ba ta cikin lissafi. In ya yi kuskure sau ɗaya cikin minti 90, da shi za a kwana a baki. Wanda ya shekara da shekaru a wannan wuri dole ya koyi yin aiki domin aikin, ko kuma ya bar filin.

Lokacin da ya karɓi ƙungiyar mata ta ƙasa, Super Falcons, ba aiki ba ne da kociyoyi ke rububinsa. Kuɗi kaɗan, 'yan kallo kaɗan, raini mai yawa. Ba a Najeriya kaɗai ba: hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayenta tun 1921, hanin ya yi kusan shekara 50, Birazil kuwa doka ta kafa a 1941 wadda ba a ɗage ba sai 1979. Ba a fara gasar cin kofin duniya ta mata ba sai 1991 a ƙasar Sin. Najeriya ta je ta 1991, ta je ta 1995, ba ta ci wasa ko ɗaya ba. A 1998 aka yi gasar mata ta Afirka a Kaduna da Abeokuta, Falcons suka ɗauki kofin ba tare da an zura musu ko ƙwallo guda ba, suka doke Ghana 2 da nema a wasan ƙarshe. Da wannan suka nufi Amurka a shekarar da ta biyo.

Wasan farko suka doke Koriya ta Arewa 2 da 1, Mercy Akide da Rita Nwadike suka ci. Nasarar farko ke nan da Najeriya ta taɓa samu a gasar. Sai suka gamu da masu masaukin baƙi a Shikago, gaban mutum sama da dubu 60. Nkiru Okosieme ta zura wa Amurka ƙwallo a minti na 2, daga nan aka yi musu ruwan ƙwallaye, aka tashi 7 da 1. Irin dukan da ke sa ƙungiya ta fara haɗa kaya tun a ɗakin sauya riga. Bayan kwana uku suka fito suka doke Danmak 2 da nema, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai zagayen 'yan takwas a gasar mata ta duniya. Ni a wurina waɗannan kwanaki ukun sun fi komai nuna aikin koci, domin abin da aka gyara a cikinsu ba ƙafa ba ce, zuciya ce.

Ranar 1 ga Yuli, 1999, a wani fili kusa da birnin Washinton, aka shiga wasa da Birazil. Na sha kallon faifan wasan nan, kuma har yau rabin farkonsa yana da wuyar kallo. Cidinha ta ci a minti na 4, ta ƙara a na 22, Nenê ta saka ta uku a na 35. Bayanmu ya buɗe, ƙwallo ba ta zama a ƙafar kowa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Mabo ya yi abin da koci ba ya yi da sauƙi: ya cire gola, Ann Chiejine, wadda ta daɗe tana tsaron ragar ƙasa, ya sa Judith Chime. Cire gola a tsakiyar wasa magana ce mai nauyi. Ma'anarta koci bai ɗauki wasan a matsayin wanda ya ƙare ba, tunda ba wanda ke ɓata wa tsohuwar 'yar wasansa rai a kan abin da ya riga ya sallama.

Aka dawo. Minti 18 suka wuce ba labari. A minti na 63 Prisca Emeafu ta farke ɗaya. A na 72 Okosieme ta ƙara. A na 85 Nkechi Egbe ta saka ta uku, 3 da 3. Hausawa na cewa faɗuwar gaba asarar namiji. A ranar nan mata ne suka fassara karin maganar a aikace. Minti biyu bayan haka aka ba Patience Avre jan kati, suka koma su goma. Aka shiga ƙarin lokaci, a dokar wancan zamani kuma duk wanda ya fara ci wasa ya ƙare nan take. A minti na 104 aka ba Birazil bugun tazara daga gefen hagu, Sissi ta lanƙwasa ƙwallon da ƙafar hagu ta wuce katanga ta faɗa raga. Shi ke nan. Har yau Najeriya ba ta sake kai wannan mataki a gasar ba.

Yanzu a dubi wasan da idon mai tambayar ƙaddara. A hutun rabin lokaci, ci uku da nema, duk mai hankali zai iya cewa an gama. Lissafi yana tare da shi, tarihi yana tare da shi, kuma a ƙarshe ma abin da ya faɗa ne ya faru: Najeriya ta fita. To shin da Mabo ya ce wa 'yan wasansa a lallaɓa a ƙarasa, ba rabo, da ya faɗi gaskiya ke nan? Amsata a'a. Da ya yi ƙarya, ko da sakamakon ya zo daidai da maganarsa, saboda ya yi da'awar sanin abin da ba a sanar da shi ba. A minti na 45 babu mahaluƙin da ya san abin da aka rubuta wa minti na 104. Abin da Mabo ya sani shi ne akwai sauran minti 45, akwai 'yan wasa a benci, akwai gyaran da zai iya yi. Wannan ne kaɗai rabonsa na ilimi, kuma da shi aka ɗora masa aiki.

Imani da ƙaddara ɗaya ne daga shika-shikan imani shida, kuma tun ƙarnin farko na Musulunci mutane suka rabu a kan fahimtarsa. Jabariyya suka ce bawa ba shi da zaɓi ko kaɗan, tilasta shi ake yi. Ƙadariyya suka ce bawa shi ke ƙirƙirar aikinsa, ƙaddara ba ta shiga. Malaman Sunna suka tsaya a tsakiya: Allah ne Mai halitta da hukunci, bawa kuma yana da nufi da kasabi, a kansu ake ba shi lada ko a kama shi. A karatu duk mun yarda da wannan. A zaman yau da kullum kuwa da yawanmu Jabariyya ne ba mu sani ba, musamman in aiki ya yi nauyi. Muna da karin magana na kowane ɓangare. In mun gaji sai mu ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, zafin nema ba ya kawo samu. In muna da kuzari sai mu tuna mai nema yana tare da samu. Duka gaskiya ne. Matsalar ita ce wanne ake ɗaukowa a wane lokaci.

Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya warware mini wannan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mumini da ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya. Sannan in wani abu ya same shi kada ya tsaya yana "da na sani", ya mayar da al'amarin ga ƙaddarar Allah. Abin lura shi ne jerin. Ƙoƙari ne a gaba, ambaton ƙaddara a baya. Kafin abu ya auku, ƙaddara gaibu ce, ba a ba ka ita don ka yi shawara da ita ba. Bayan ya auku, ita ce maganin da ke hana baƙin ciki cinye ka. Shi ya sa malamai suke cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan sakaci. Haka Sayyidina Umar ya fahimta lokacin da ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba wanda zai yabe shi in ya zaɓi busasshen.

Na ga wannan a ofishinmu na malamai. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta ci 19 cikin 100 a lissafi a zangon farko. Mahaifinta, dattijo mai mutunci, ɗan kasuwa, ya zo da takardar sakamakon a ninke cikin aljihun babbar riga, ya zauna ya shimfiɗa ta a kan teburina.

"Malam, na zo in tafi da ita ne. Bokon nan ba rabonta ba ne."

"Ranka ya daɗe, Alhaji, zango ɗaya aka yi. Saura biyu."

"Malam, abin da Allah bai ba mutum ba, ba ya ƙwatarsa da ƙarfi."

"Wannan gaskiya ne, Alhaji. Amma ta ina muka san bai ba ta ba, tunda shekarar ba ta ƙare ba?"

Na ɗauko littafin aikinta na buɗe masa. Akwai shafin da ya huje saboda gogewa: ta yi lissafi ɗaya ta goge, ta sake ta goge, har takardar ta ɓule, ta koma gefe ta ci gaba. Ya daɗe yana kallon hujin. Sannan ya ninke takardarsa ya ce a bar ta ta ƙarasa shekarar. A zango na uku ta ci 44. Ba ta kai makin tsallakewa ba. Ranar da ya dawo, shi da kansa ya ce, "To Malam, yanzu kam mun yi namu, haka Allah Ya so." Kalmar da ya faɗa a farkon shekara ita ya maimaita a ƙarshenta, amma ba abu ɗaya ba ne. Ta farko rufe ƙofa ce, ta biyu kwanciyar rai ce. Yarinyar kuma ta fita da abin da takardar sakamako ba ta da gurbinsa: ta san za ta iya zama da abu mai wuya ba ta gudu ba.

Akwai ɗaya gefen kuskuren, wanda ya fi kama masu nasara da masu sharhi a kansu. Bugun Sissi da ya kauce da faɗin tafin hannu, da wataƙila Najeriya ta kai wasan kusa da na ƙarshe, da an rubuta tarihin Mabo da wasu kalmomi. Amma da me zai canja a cikin aikinsa? Atisayen da ya ba su shi ne dai, canjin da ya yi shi ne dai, abin da ya faɗa musu a hutun rabin lokaci shi ne dai. In darajar aikin mutum tana hawa da sauka da abin da ƙafar wata ta yi a ƙasa da daƙiƙa guda, to ba aikinsa muke aunawa ba. Addini ya raba mu da wannan ma'auni tun da wuri. Ya zo a hadisi cewa ranar alƙiyama za a ga annabin da mabiyansa ba su wuce mutum ɗaya ko biyu ba, da wanda ba shi da kowa, kuma wannan bai rage komai daga annabcinsu ba. Ya zo kuma cewa wanda tashin alƙiyama ya riske shi da dashen dabino a hannu, in zai iya dasawa ya dasa. Dashen da ba wanda zai ci 'ya'yansa, amma an ce a dasa. Ke nan ladan yana cikin dasawar.

Sauran aikin Mabo da Falcons a kan wannan layi ya tafi. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000 an doke su a duka wasanni uku, kowanne 3 da 1, a hannun Sin da Nowe da Amurka. Wani ne ya kai ƙungiyar gasar duniya ta 2003. A 2004, yana da shekara 60, ya dawo ya kai su Olamfik ta ƙasar Girka, suka doke Japan 1 da nema, suka kai zagayen 'yan takwas, Akide ta fara zura wa Jamus, zakarun duniya na lokacin, kafin a juya wasan 2 da 1. Sau biyu yana kai ƙasarsa bakin ƙofa, sau biyu ana rufewa. Mai auna mutum da kofi zai ce ya kusa amma bai kai ba. Ni ina ganin mutumin da aka ba shi abu ƙarami da raini a kansa, ya riƙe shi da muhimmanci har ya girma.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake da magana biyu a ransa, kuma ba zan tsallake su ba. Ta farko: duk wannan a kan wasa? Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya ɗungurungum da wasa da shagala, bai ware ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis ko malamin lissafi ba. Abin da ke ɗaga kowace sana'a daga shagala shi ne niyya, da tsayawa a iyakokin Allah, da cika amanar da ke cikinta. Ana iya shagala a kanti, ana iya riƙe amana a filin atisaye.

Ta biyu ta fi nauyi: mata ne, ga batun sutura, ga cakuɗuwa da maza, ga tafiye-tafiye. Ina da 'ya'ya mata, ba na ɗaukar wannan damuwa da wasa. Motsa jiki ga mace ba baƙon abu ba ne a addini, tunda Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, amma tseren miji da mata daban, filin da dubban mutane ke kallo daban, kuma mai kawo wannan bambanci yana da hujja. Wasu abubuwan sun sauya: hanin da hukumar ƙwallon duniya ta yi wa hijabi an ɗage shi gaba ɗaya a 2014, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da hijabinta. Sauran hukuncin na malamai ne da iyaye, kowa da abin da zai amsa a kan gidansa. Abin da nake cewa shi ne ko wanda ba zai bar 'yarsa ta taka fili ba yana da abin ɗauka a nan, domin darasin bai rataya ga ƙwallo ba. Mabo mutumin Jos ne, Musulmi, aka damƙa masa 'ya'yan mutane, akasarinsu 'yan kudu, yare ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba, ya ɗauke su a matsayin masu aikin da ya cancanci a tsananta a kansa. A garin da daga 2001 muka ga yadda bambancin addini da ƙabila ke raba maƙwabci da maƙwabci, wannan kaɗai abin tsayawa a duba ne.

Abin da ya bari kuwa a jikin mutane yake. Bayan gasar 1999 Mercy Akide da kyaftin Florence Omagbemi suka samu gurbin karatu a kwalejin Milligan da ke Amurka. A 2001 Akide ta zama mace ta farko da aka zaɓa gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. Ann Chiejine, golar da aka cire a gaban duniya, ba ta yi zuciya ta bar ƙwallo ba; ta ci gaba da tsaron raga, daga baya ta zama mai horarwa. Omagbemi ta zama kocin Falcons, ta ɗauki kofin Afirka a 2016 a Yawunde, a gidan Kamaru, da ci ɗaya da nema. Ko a nan sai da duniya ta nuna halinta: da suka dawo da kofin, zaman dirshan 'yan wasan suka yi a wani otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu. Wanda ya ci ma ba lallai ne a saka masa a nan ba, balle wanda aka ci. In don sakayyar mutane ake aiki, da tuni an daina.

A Yulin 2025, a Rabat, Falcons suka shiga hutun rabin lokaci Maroko na cin su 2 da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka, ga filin cike da 'yan gida. Suka dawo suka ci 3 da 2, suka ɗauki kofinsu na 10, ƙarƙashin Justine Madugu. Yawancin waɗanda suka buga wasan nan ƙanana ne ƙwarai ko ba a haife su ba a 1999, kuma nasarar tasu ce da kocinsu. Amma ƙungiya tana gadon hali kamar yadda gida yake gado, kuma a wannan gida an daɗe da sanin cewa rabin lokaci ba ƙarshen wasa ba ne. A 1999 an farke an faɗi, a 2025 an farke an ci. Halin da aka fito da shi bayan hutu iri ɗaya ne a duka biyun, abin da aka rubuta ne ya bambanta. Halin yana hannun bayi, abin da aka rubuta ba ya hannunsu.

Saboda haka ga abin da nake roƙon iyaye da 'yan'uwana malamai, da duk wanda aka ba shi wani ya rena, ko almajiri ne, ko yaron shago, ko 'yar aji biyar. Kada mu cire ƙaddara daga bakin yaranmu, domin yaron da bai san ta ba faɗuwa ɗaya za ta karya shi, nasara ɗaya za ta kumbura masa kai. Mu koya musu lokacinta. Muddin akwai sauran zango, akwai sauran magani da ba a gwada ba, akwai sauran sulhu da ba a nema ba, maganar da ta dace ita ce me ya rage mu yi. In an yi iyakar yi, abin ya zo yadda ba a so, a nan ne ake cewa haka Allah Ya ƙaddara, a faɗe ta da cikakkiyar zuciya, a yi barci ba tare da "da na sani" ba. Wanda ya kira ƙaddara tun ana cikin aiki ya yi shisshigi a ilimin gaibu. Wanda ya ƙi kiranta bayan an gama ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne namu, kuma a kansa za a tambaye mu.